Arba'in Ɗin Me? Lissafin Iskar Taya Tsakanin PSI, Bar da kPa

Duk inda direba ya tsaya wurin mai faci, daga Sakkwato har Maiduguri, tambayar ɗaya ce: "Alhaji, nawa za a sa mata?" Amsar ma ba ta cika bambanta ba. Wani ya ce arba'in, wani ya ce hamsin, wani kuwa ko gilashi ba zai sauke sosai ba, sai dai ya ce, "Kai dai ba ta yadda ka saba." Mai faci ya danna tiyo a bakin bawul, ya ɗora geji, ya ƙyalla ido, ya bubbuga tayar, shi ke nan an sallami mai mota. Babu mai tambayar arba'in ɗin me ake nufi, balle a kai ga tambayar wa ya ce arba'in ce ta dace da wannan motar.

Ga shi kuwa motocin da ke bin titunanmu ba daga ƙasa ɗaya suka fito ba. Wadda aka shigo da ita daga Amurka, takardar da ke manne a jikin ƙofarta za ta ce 32 ko 35. Wadda ta taso daga Jamus ko Beljiyam ta biyo ta Kwatano za ta ce 2.2 ko 2.4. Wadda aka ƙera don kasuwar Japan za ta ce 220 ko 240. Mai ganin lambobin nan zai ɗauka motoci uku ne masu buƙata uku, alhali ƙarfin iska ɗaya suke nema, ma'aunin ne kawai ya sha bamban. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maraɗi ya san irin wannan. Ka taya kaya a ce maka "ashirin", in kai baƙo ne sai ka lalubo sefa ashirin, nan kuwa dala ashirin ake nufi, wato sefa ɗari. Lamba ba ta da ma'ana sai an san abin da ake ƙirgawa da ita.

Abin da geji ke aunawa shi ne yadda iskar da aka cusa cikin taya ke tura bangon tayar daga ciki. Kuma iskar nan ce ke ɗauke da mota, roba da wayoyin da ke cikinta aikinsu su riƙe ta kada ta tsere. Ana iya ganin haka da ɗan lissafi. A ce mota da mutanen cikinta ta kai kilo 1,400. Kowace taya ta ɗauki kilo 350 ke nan. In iskar cikinta tana tura kowane murabba'in santimita da ƙarfin kilo 2.2, to wurin da tayar za ta taka ƙasa zai zama kusan murabba'in santimita 160, kamar santimita 12 a faɗi da 13 a tsawo. Ta waɗannan 'yan filaye huɗu kaɗai mota ke taɓa kwalta. Birki, sitiyari, kwana, duk a kansu suka dogara. In aka rage iska tayar ta baje, in aka ƙara ta tsuke, kuma kowanne da abin da yake jawowa.

Ma'aunin da aka fi sabawa da shi a Najeriya shi ne PSI, gadon Ingila da Amurka. Ma'anarsa nauyin laba nawa ke danna murabba'in inci ɗaya. Laba ɗaya giram 454 ce, inci ɗaya kuma santimita 2.54. Tun shekarun 1970 Najeriya ta koma kilo da mita da lita, amma ba a taɓa raba masu faci da PSI ba, kuma yawan motocin Amurka da ake shigowa da su ya ƙara masa gindin zama. Don haka idan mai faci a Kano ko Kaduna ya ce arba'in, PSI 40 yake nufi, ko da bai taɓa jin sunan ba.

Na biyu shi ne bar, wanda Turai ke amfani da shi, tare da ƙasashen da suka gaji ma'aunin Faransa irin su Nijar, Chadi da Kamaru. Wani masanin yanayi ɗan Norwe mai suna Vilhelm Bjerknes ne ya shigo da shi, kuma an tsara shi ne ya yi kusa da nauyin iskar sararin samaniya da ke danna mu a bakin teku. Bar ɗaya daidai yake da PSI 14.5. Wannan lambar, sha huɗu da rabi, ita ce mabuɗin duk lissafin, in mutum ya riƙe ta ya riƙe kusan komai. Wani abin lura a nan shi ne Faransawa da Jamusawa waƙafi suke sawa inda mu muke sa ɗigo. In ka ga 2,3 a jikin motar Turai, biyu da ɗigo uku ne, ba lambobi biyu ba ne.

Na uku shi ne kilofaskal, wanda ake rubutawa kPa. Shi ne ma'aunin da duniya ta amince da shi a hukumance tun 1971, an kuma raɗa masa sunan Blaise Pascal, masanin Faransa wanda a 1648 ya sa surukinsa ya hau wani dutse da ma'auni, aka tabbatar da cewa nauyin iska yana raguwa yayin da ake hawa sama. Faskal ɗaya ƙanƙane ne ƙwarai, kamar a baza nauyin giram 100 a kan murabba'in mita guda, shi ya sa ake ƙirga shi dubu-dubu. Sauƙinsa shi ne bar ɗaya kPa 100 ne cif. Ba a buƙatar lissafi, ɗigo kawai ake matsarwa: 220 ya zama 2.2, 250 ya zama 2.5.

Akwai na huɗu da ya ƙi mutuwa, wato kilo a kan murabba'in santimita, wanda ake gani a tsofaffin motocin Japan, da littattafan baburan Indiya, da fuskar gejin da yawa da ake sayarwa a kasuwa. Tsofaffin direbobin ƙasashen da ke jin Faransanci in sun ce "kilo biyu" shi suke nufi. Ya ɗan gaza bar da kashi biyu cikin ɗari, domin kilo ɗaya PSI 14.2 ne. Ga ƙaramar mota bambancin bai kai PSI ɗaya ba, ana iya ɗaukarsu abu guda.

To, yaya ake juya su a ka, ba tare da an ciro waya ba? Daga bar zuwa PSI, ninka lambar sau 15, sannan ka cire rabinta. Misali 2.2 sau 15 ya ba ka 33, ka cire 1.1, saura 31.9, wato 32. Haka 2.4 sau 15 ya ba ka 36, ka cire 1.2, saura 34.8, wato 35. Bar 2 cif PSI 29 ne, bar 2.5 kuma 36 da ɗan ɗoriya. Daga PSI zuwa kPa kuma, ninka sau 7 ka ɗan rage kaɗan, don ainihin lambar 6.9 ce. PSI 30 sau 7 ya ba ka 210, ainihinsa 207. PSI 35 ya ba ka 245, ainihinsa 241. Da ka samu kPa ka samu bar, tunda raba ɗari ne kawai. Wanda lissafi ke ba wahala ya haddace ma'aurata uku ya huta: 2.0 da 29, 2.2 da 32, 2.4 da 35. Yawancin ƙananan motoci a tsakanin waɗannan suke, kuma kowane ɗigo ɗaya na bar kusan PSI ɗaya da rabi ne.

Inda ake faɗawa rami shi ne zaton cewa ɗigo kawai ake cirewa tsakanin bar da PSI, kamar yadda ake yi tsakanin bar da kPa. Lambobin suna da kama mai yaudara. Mai mota ya leƙa ƙofa ya ga 2.2, ya juyo ya ce wa mai faci, "Sa mata ashirin da biyu." An sa PSI 22, wato bar 1.5, alhali motar 32 take so. Kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar babu shi, kuma mutumin zai tafi da sakankancewar cewa ya bi umarnin kamfani. Ta ɗaya ɓangaren kuma, yawancin geji masu allura layi biyu ne a fuskarsu, ɗaya PSI ɗaya bar ko kilo, sau da yawa launinsu ma daban. Yaron mai faci da bai daɗe da fara koyon aiki ba aka ce masa talatin, ya bi layin bar har allura ta hau 3. Ya sa PSI 43 da rabi ke nan. In arba'in aka ce ya kai ta 4, ya sa 58, abin da ya wuce iyakar da aka rubuta a jikin tayar ƙaramar mota. Geji na lantarki ma bai tsira ba, don yana da maɓallin canza ma'auni, kuma hannu na iya taɓa shi a aljihu. Kafin a karanta lamba, a fara karanta 'yan haruffan da ke gefenta.

Duk wannan juye-juyen ba shi da amfani in lambar da aka fara da ita ba daidai ba ce. Daga ina ake samo ta? Daga kamfanin da ya ƙera motar, domin shi ya san nauyinta da yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya. Buɗe ƙofar direba ka dubi ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, akwai 'yar takarda manne. A motocin Jamus da yawa, irin su Mercedes da Volkswagen, tana cikin murfin tankin mai. Galibi za ka ga lambar gaba daban ta baya daban, kuma a motocin Turai akan zana hoton mutum biyu ko uku da lambarsu, sannan hoton mutum biyar da akwatuna da tasu lambar, wadda ta fi yawa, musamman a baya. Mai ɗaukar iyali da buhunan tsaraba zuwa gida da Sallah layi na biyun ne nasa.

Da yawa daga masu faci, kuma da kyakkyawar niyya, jikin taya suke dubawa. Can za a ga an rubuta MAX PRESS, sannan 300 kPa da 44 PSI, ko 350 kPa da 51 PSI. Ina kyautata zaton daga nan al'adar arba'in da hamsin ta samo asali. Amma wannan lambar iyaka ce, ita ce mafi yawan iskar da kamfanin taya ya yarda a sa wa tayar tana sanyi. Kamfanin taya bai san a wace mota za a ɗaura ta ba, taya iri ɗaya tana iya shiga ƙaramar Corolla ta kuma shiga motar da ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Rubutun yana da amfani guda da ba a cika lura da shi ba: tunda ya kawo ma'auni biyu gefe da gefe, wanda ya manta lissafi zai iya duba tayarsa ya tuna cewa 300 daidai yake da 44, wato bar 3.

Me ke faruwa in iska ta yi yawa? Tayar ta kumbura ta tsakiya, tsakiyar kaɗai ke taka ƙasa, sai ka ga zanen tsakiya ya suɗe gefe da gefe na nan sabo. Riƙon kwalta ya ragu, abin da aka fi ji ranar da aka taka birki cikin ruwan damina. Motar ta riƙa tsalle a kan gargada, kowane rami ya wuce kai tsaye zuwa ƙafar mota da ƙugun fasinja, kuma taya mai tauri in ta daki bakin rami da gudu ta fi saurin tsinka zare ta yi ƙulu a gefe. Direbobin haya suna son ta da tauri don sitiyari ya yi sauƙi mai kuma ya ɗan yi auki. Ribar ba ta kai kuɗin tayar da za a canza kafin lokacinta ba.

Sai dai ƙarancin iska ya fi haɗari, kuma a nan ne nake ganin an fi yi wa jama'a gurguwar fahimta. Akwai maganar da ta zama ruwan dare a tashoshin mota, wai in bazara ta shigo a rage wa taya iska don kada zafin kwalta ya fasa ta. Wannan shawara tana jawo abin da ake gudu ne. Taya mai ƙarancin iska, duk juyi ɗaya sai gefenta ya lanƙwashe ya miƙe fiye da yadda aka tsara mata. A gudun kilomita 100 a awa, tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa guda. Wannan lanƙwashewar ce ke haifar da zafi a cikin robar kanta, zafin ya raunana haɗin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfe, har wata rana fatar sama ta ɓare ko tayar ta tarwatse ana cikin gudu. Zafin rana ƙari ne a kan wannan. Ita kuwa ƙaruwar iska da zafi ke kawowa, masu ƙera taya sun riga sun sa ta a lissafi.

Amurka ta koyi darasin nan da tsada. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan an yi ta samun fatar tayoyin na ɓarewa a motocin Ford Explorer suna kifewa, mutane sama da 200 suka rasa rayukansu. Akwai laifin yadda aka ƙera tayoyin, amma wani babban ɓangare na taƙaddamar kamfanonin biyu a kan iska ne. Ford ya rubuta PSI 26 a jikin motar, Firestone ya ce 30 ya kamata. Tazarar PSI 4 ce kacal, ƙasa da bar 0.3. Abin da ya kamata ya ja hankalinmu shi ne matsalar ta fara bayyana sosai a ƙasashe masu zafi, har Ford ya canza wa motocinsa tayoyi a Saudiyya tun 1999, kafin a yi haka a Amurka. Sanadin wannan lamari majalisar Amurka ta yi doka a shekarar 2000, wadda ta kai ga cewa daga Satumban 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota sai tana da na'urar gargaɗin iska. Tarayyar Turai ta bi sahu a Nuwamban 2014.

Wannan na'urar ce ke kunna 'yar fitilar nan rawaya mai alamar motsin rai a tsakiya da ke kamawa a gaban direba. A tsarin Amurka ba dole ba ne ta kama sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari, wato motar da ke son 32 sai ta sauko 24. Rashin kamawarta ba shaida ba ce cewa iska ta cika. A motocinmu na hannu kuma, batiran da ke cikin na'urorin sun daɗe da mutuwa a da yawa daga cikinsu, fitilar na kunne dare da rana har ido ya saba da ita. Ido ma ba abin dogaro ba ne. Tayoyin zamani, ko iskarsu ta cika, sukan ɗan yi tumbi ta ƙasa, kuma taya na iya rasa PSI biyar ko shida ba a ga wani canji ba. Harbin taya da ƙafa ko ƙwanƙwasa ta da ƙarfe zai gaya maka ko ta sace gaba ɗaya, amma ba zai raba maka 26 da 32 ba.

Lambar da ke jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce, wato motar da ta yi aƙalla awa uku a ajiye, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita biyu ba. Iska tana buɗewa in ta ji zafi. A taya, duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana ƙara kusan PSI ɗaya da rabi, wato bar 0.1. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da hunturu a Kano ko Zariya, asuba na iya saukowa digiri 15 ko ƙasa da haka, azahar ta haura 30. Tayar da aka auna 32 da sassafe za ta nuna 34 ko 35 da rana ko ba ta motsa ba. In kuma ta yi gudu daga Kaduna zuwa Kano, ƙarin zai iya kai PSI 4 zuwa 6. Direba ya tsaya a hanya, mai faci ya ɗora geji ya ga 38, ya ce, "Oga, ta yi yawa, bari a rage," ya sauko da ita 32. Washegari da safe tayar nan 27 za ta nuna. Ƙa'idar ita ce ba a sace wa taya mai zafi iska. In dole ce ta sa a ƙara iska a tsakiyar tafiya, a ɗora bar 0.3, wato PSI 4, a kan lambar ƙofa, sannan a sake aunawa in ta huce.

Har tudu yana da tasiri, abin nan da Pascal ya gwada. Geji yana auna bambanci ne tsakanin iskar cikin taya da ta waje, shi ya sa tayar da ta sace take nuna sifili alhali akwai iska a cikinta. A Legas, bakin teku, iskar waje tana dannawa da kusan kPa 101. A Jos, mai tudun mita 1,200 da wani abu, ba ta wuce 88 ba. Motar da aka sa wa 32 a Legas za ta nuna kusan 34 a Jos in zafin ɗaya ne, sai dai sanyin Jos yakan cinye wani abu daga ciki. Wannan bai kai a damu ba, na kawo shi ne don a san cewa PSI ɗaya ko biyu sama ba abin tashin hankali ba ne.

Ko babu ƙusa ko ɗaya, taya tana rasa kusan PSI ɗaya a wata ta jikin robar kanta. Don haka a auna sau ɗaya a wata, da kuma kafin doguwar tafiya. Wuraren da ke sayar da iskar naitirojin suna cewa tasu ta fi daɗewa, kuma da ɗan gaskiyarsu, amma iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kuma lambar da za a sa ba ta canzawa. Batun mai kuwa, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk PSI ɗaya da ya ragu a tayoyin mota yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin ɗari. Ba yawa, amma a farashin fetur na yanzu, mai motar haya da ke yawo da ƙarancin PSI 10 shekara guda zai ji a aljihunsa.

Lambobin 29 zuwa 35 na ƙananan motoci ne, kada a ɗauke su a yafa wa kowa. Siririyar sifiyar nan da ke zuwa da motocin waje tana son PSI 60, wato bar 4.2 ko kPa 420, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Ita ce aka fi mantawa, sai ranar da aka yi faci a daji a ciro ta a tarar ta lafke. Bas-bas irin su Hiace suna amfani da tayoyi masu harafin C a ƙarshen lambar girmansu, waɗanda aka ƙera don kaya, wasunsu suna ɗaukar har bar 4.5, wato PSI 65. A nan hamsin ba ta zama ganganci ba, wani lokaci ma ta yi kaɗan. Ganganci shi ne a ɗaura wa bas tayar ƙaramar mota don ta fi araha, a cika ta da iska har 60, a ɗora mata fasinja goma sha takwas da kayansu. Kowace taya tana da lambar iyakar nauyi a jikinta, misali 91 na nufin kilo 615, kuma ƙarin iska ba ya ɗaga wannan iyakar. Ƙananan baburan da 'yan acaɓa da kabu-kabu ke hawa galibi gabansu wajen PSI 25 yake so, bayan kuma 28 zuwa 32 gwargwadon goyo, wato 1.75 da 2 zuwa 2.25 a ma'aunin kilo da littattafansu ke kawowa. Masu ratsa yashi arewa da Agadas su kuma da gangan suke rage iska don taya ta baje kada ta nutse, amma a hankali suke tafiya, kuma da sun hau ƙasa mai tauri suke mayar da ita.

A manyan motoci ne ƙananan bambance-bambancen da muka yafe a baya suke girma. Tayar tirela ko tanka tana ɗaukar bar 7 zuwa 8.5, wato PSI 100 zuwa sama da 120. In aka yi lalaci aka ninka sau 15 ba a cire rabin ba, bar 8 zai fito 120 maimakon 116. In kuma gejin na kilo ne aka ɗauke shi bar, 8 ɗinsa PSI 114 ne. A wannan ƙarfin, taya in ta fashe ko zoben wili ya ɓalle yayin ba da iska yana iya kashe mutum nan take, shi ya sa a garejin da suka san aiki ake sa tayar cikin keji na ƙarfe, mai ba da iskar kuma ya tsaya daga gefe da dogon tiyo.

Shi kansa geji yana ƙarya in ya tsufa. Na bakin titi yana faɗuwa ƙasa, ƙura na shiga cikinsa, rana na dukansa, kuma ba kasafai ake gwada shi da wani ba. Wannan ba laifin mai faci ba ne kaɗai, kayan aikin da ya samu ke nan. Mafita ita ce mai mota ya sayi nasa, ko mai kamar alƙalami ko na lantarki, kuɗinsa bai kai ko kusa da na taya ɗaya ba. Ya auna a gida da safe kafin ya tayar da mota, ya san nawa kowace taya ta rasa, in ya je wurin mai faci ya ce a ƙara masa adadin. Lokaci-lokaci ya gwada nasa da wani gejin a kan taya ɗaya, in sun saɓa da fiye da PSI 2 ya nemi na uku ya raba gardama.

Saura motocin da takardar ƙofarsu ta ɓace, kuma suna da yawa, domin mai fenti ba ya tausayinta, wasu kuma an canza musu ƙofa ko ginshiƙi bayan haɗari. A duba littafin motar in yana nan. In babu, a nemi mai irin motar, shekara ɗaya da girman taya ɗaya, a ɗauki hoton tasa takardar, ko a bincika a intanet da sunan motar da shekararta da lambar girman tayar, irin 195/65 R15 da ke rubuce a gefe. In an samu, a rubuta ta a ma'auni biyu, PSI da bar, gaba da baya, a manna a cikin ƙofa da salatif, yadda ko a Katsina aka tsaya ko a Tawa, mai riƙe da geji zai ga layin da ya dace da nasa.